Tsarabar da Na Mayar wa Teku

Kun tashi kuna jin Baba Sanusi yana kirana Ba-ko-wuri. Duk ranar suna, in an taru a zauren gidanmu na Gangara, sai ya sake ɗauko labarin: wai ga mutumin da ya hau jirgin sama ya je har bakin teku, ya dawo bai kawo wa kakarsa ko wuri ɗaya ba. Ku fashe da dariya, ni kuma in sunkuyar da kai in yi murmushi. Ban taɓa gyara masa ba, don yayana ne, kuma ni da magana cikin taro ba mu taɓa shiri ba. Amma labarin nasa rabi ne. Yanzu da na ajiye aiki, ido kuma bai gama gajiya ba, bari in rubuta muku ragowar, kada ku ba 'ya'yanku shi a gutsure.

Ba ku tarar da Kaka Dije ba, mahaifiyar babana. Tana da wata batta ta fata, baƙa ƙirin saboda tsufa, wadda ta gada wurin uwarta da ta zo daga kudu, tsallaken iyaka. Cikin battar wuri ne. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu, ranar suna in wanzami ya gama aski, Kaka za ta fiddo wuri ɗaya ta zura masa jan zare ta ɗaura a hannun hagu. Yana nan har a yaye yaro, sannan uwarsa ta kwance ta ɓoye. Baba yakan ce camfi ne. Ita kuma ta ce ita ba ta ce yana maganin komai ba, alamar gida ce, kuma shi kansa mai maganar ya tsotsi nasa har ya yi fari. Daga nan Baba sai ya tuna yana da aiki a gona.

Shekarar da nake ba ku labari, batta ta ƙare. Na ƙarshe ya tafi hannun ɗan wata gwaggonmu. Ga Rabi, matar Yaya Sanusi, da cikin fari. Ni kuwa ina Yamai ina karatun tsirrai a jami'a, ba wanda ya san muryata a aji. Abin da aka san ni da shi kaye ne, littattafan rubutuna da na cika da ganyen sabara da kalgo da aduwa, kowane ganye da ranar da na tsinke shi da inda na same shi. Waɗannan kaye ne suka sa malaminmu ya rubuta sunana cikin ɗalibai biyu da za su je ƙasar Kenya, su yi mako uku a wani gandun daji na gwamnati da ke bakin teku. Da ya faɗa mini, kai kawai na gyaɗa masa. Na fita na zagaya bayan aji na yi tsalle ni kaɗai.

Na zo gida sallama, Kaka ta aika a kira ni ɗakinta.

"Angona, an ce za ka inda ruwa bai da ƙarshe."

"Haka aka ce, Kaka."

"To can ne gonar wuri. Uwata ta ce a bakin ruwan yake zube kamar tsakuwa, ka duƙa ka kwasa." Ta kife batta ta girgiza, ko ƙura ba ta faɗo ba. "Ka ga halin da amaryarka ke ciki. Rabi ta kusa. Tun da aka kafa gidan ga ba a taɓa suna hannu wayam ba."

Na ce ai ana sayar da shi a kasuwar Gazawa.

"Wanne? Rabinsu roba ne, rabi kuma 'yan duba sun gama watsa su a ƙasa. Shi zan ɗaura ma jinina? Ina son wanda hannunka ya ɗauko daga inda Allah ya ajiye shi. In ka dawo babu, ka nemi wata matar, ni na fita."

Mata suka yi ta dariya a tsakar gida. Na yi mata alkawari, kuma da gaske na yi. Da safen tafiya, Inna ta fiddo nawa wurin na jarirantaka daga ƙasan akwatinta, ta ɗinke shi a hannun jakata.

Abokin tafiyata Bawa ne, Bagobirin Cadakori, mutumin da in yana raɗa ana jin sa a bayan katanga. Allah ya haɗa mu don kowa ya huta: shi ya yi magana, ni in rubuta. Ranar da mota ta hau wani tudu muka hango teku, shi ma kansa sai da ya yi shiru. Na san tafkin bayan garinmu da ke cika da damina ya ƙafe kafin bazara, na san kogin Yamai. Amma kogi yana da tsallake, kana ganin masu wanki a can gefen. Wannan ba shi da tsallake. Shuɗi ne ya miƙe har ya haɗu da sama, yana ta numfashi. Na sauka da takalmina na tsaya, ruwa ya zo ya taɓa ni ya koma, ya sake dawowa, kamar yaro mai ƙiwa da ke son a ɗauke shi. Da azahar muka tambayi limamin wurin ko ana alwala da shi, ya ce ƙwarai. Bawa ya kurkure baki ya tofar.

"Kai, wa ya zuba kanwa a wanga tafki?"

Kwanakin nan ban san inda zan sa idona ba. Daji ya gangaro har bakin ruwa, kore shar, birai suna bin mu a kan rassa, ɗaya ma ya fizge burodi daga hannun Bawa ya zauna sama yana ci yana kallonsa. Akwai itatuwan da suka tsaya cikin ruwan gishiri a kan saiwoyi dogaye, kamar sun tattare riga za su tsallaka. Ni da na baro ƙasar da gishiri kaɗan ke kashe shuka, na wuni cikin taɓo ina zana su. Na lasa ganyen ɗaya na ji gishiri a bayansa, ashe ta nan yake fitar da shi. Sannan ga abin da ya fi ɗaure mini kai: sau biyu a rana teku yakan janye, ya yi nisa ya bar fili, sannan ya dawo inda yake, ba ruwan sama, ba kowa. Na riƙa rubuta lokacinsa da agogo kamar mai gadin wani babban mutum.

Mai kula da mu wata jami'ar gandun ce, Madam Zuhura, gajeruwa, da kaki da ɗankwali, Musulma. Tana yi mana Ingilishi a hankali don mu masu Faransanci mu gane. Ranar farko ta tsayar da mu a ƙofa ta ce cikin gandun nan ba a ɗaukar komai, mai rai ko matacce, ko tsinke ne. Wanda aka kama, an sallame shi, kuma takarda za ta bi shi har lakol, wato makarantarsu. Na rubuta dokar da hannuna a shafin farko, har na ja mata layi biyu. Ina so ku riƙe wannan, don kada ku ce ban sani ba.

Ita ce ta kai mu kan murjani a kwalekwale. Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen da ke wuyan Inna ranar biki. Ban iya iyo ba, sai aka sa mini rigar da ke hana nutsewa, da tabarau mai rufe hanci, da bututun numfashi, aka ce in riƙe igiya in kifa fuskata. Na yi bisimilla na kifa. 'Ya'yana, gari ne a ƙasa. Gari sosai, da unguwanni da lunguna, wani gini kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar sa, kuma kifaye suna shiga suna fita da launin da ko a rumfar masu atamfa ban gani ba. Wani kore mai baki irin na aku yana gwaguyar dutsen, ina jin ƙarar haƙoransa cikin ruwa kamar ɓera a rumbu. Sai ga kunkuru, faɗinsa ya kai tabarmar salla, ya taso daga ƙasa yana kaɗa hannuwa a natse, ya dube ni da ido ɗaya ya wuce. Na manta da bututu a bakina na ce Allahu akbar, na sha ruwa, aka jawo ni ina tari ina dariya. Madam Zuhura ta ce duk garin nan wasu ƙananan halittu ne suke gina shi, kamar yadda gara ke gina suri, sai dai su aikinsu ya fi na kuka jinkirin girma. Abin da ƙafa ɗaya za ta karya, jikanka ma ba lalle ya ga ya koma ba.

Duk wannan murna, maganar Kaka tana nan a ƙirjina kamar ƙaya. Na duba yashi kullum ban ga wuri ba. Sai wata safiya a mako na biyu, ruwa ya janye da nisa, aka raba mu kowa da yankinsa ya rubuta abin da ya gani. Na ɗaga wani dutse mai faɗi a wani ɗan gurbin ruwa, sai ga su. Wuri, fari da ɗan zobe rawaya a baya, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Na ɗaga wani dutsen, ga wasu. Uwar Kaka ba ta yi ƙarya ba, ga gonar. A takarda na san wuri ɓawon wata halitta ce, na taɓa haddace sunanta da Faransanci don jarrabawa. Amma wanda na tashi da shi a batta yake, a hannun jarirai yake, kuma a raina dutse ne. Na juya ɗaya na leƙa tsagar cikinsa, ban ga kowa ba. Na waiga, Madam Zuhura tana can nesa. Na cire hulata na tsinci cikin tafin hannu guda na zuba a ciki. Kuma saboda hali ba ya barin mai shi, kowane dutse na ɗaga sai da na zana inda yake a kaye, na rubuta nawa na samu a ƙarƙashinsa. Ɓarawo ne mai ajiye shaida.

Na ajiye hular a bakin gurbin na danne ta da dutse don iska, na zauna ina ƙarasa rubutu. Ruwa ya jiƙa ta ban lura ba. Da na ɗago kai, sai na ga wurin Kaka yana tafiya.

Wallahi tafiya yake. Ɗaya ya hau bakin hula, ya fito da 'yan ƙahoni biyu sirara kamar na dodon koɗi, yana lalube. Wata fata mai laushi, mai zane-zane, ta fito daga tsagar nan ta gefe biyu, ta hau bayansa a hankali har ta lulluɓe shi ruf, kamar mace ta ja mayafi. Ashe ita ke goge shi kullum, shi ya sa yake sheƙi. Na kai yatsa, mayafin ya zame ya koma ciki, ya sake zama wurin da na sani. Na janye hannu, ya sake fitowa. Sauran ma duk suka motsa, hulata ta cika da masu rai. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ba a taɓa jin muryata a bayan aji ba, na ƙwala kira har tsuntsaye suka tashi.

"Bawa! Bawa! Zo ka ga wuri da rai!"

Bawa ya zo a guje. Madam Zuhura ma ta zo.

Ta dubi hula, ta dube ni. Sai a lokacin na tuna layi biyun da na ja. Na hango takarda tana bin mu har Yamai, na hango fuskar malamin da ya zaɓe ni. Ingilishina ya gudu. Abin da na iya kawai, na jawo jakata na nuna mata wanda Inna ta ɗinke, na ce, "Kakata. Jariri." Bawa ya karɓi zancen da hannu da ƙafa ya yi mata bayanin batta da suna da jan zare.

Ta riƙe tsohon wurin tana juya shi. Ya dushe, bayansa a fashe inda ake zura zare, gefensa ya cinye da haƙorana na jarirantaka da hannayen da ban san adadinsu ba. Ta ce wannan ya bar teku tun ba a haifi kakanta ba, kuma ba ta taɓa zaton suna kaiwa har inda babu ruwa ba. Ta tambayi nisan garinmu, na zana mata a yashi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce in na mayar da kowanne inda na ɗauko shi, ba ta ga komai ba, amma ta san ba zan iya tunawa ba. Na buɗe kaye na miƙa mata. Ta karanta, ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Muka bi zanen dutse bayan dutse, ina mayar da su, ina kife kowane dutse yadda na tarar da shi. Na roƙe ta ko matacce ɗaya. Ta ɗauko wani ɓawo da ke gefe ta sa mini a hannu, sai ga 'yar kaguwa ta leƙo daga ciki. Ta ce a nan ko kango yana da mai jiran shiga. Abu ɗaya ta yarda: in tsoma nawa a ruwan. Na tsoma jakar har hannunta.

A wajen ƙofar gandun akwai masu rumfuna suna sayar da ɓawo iri-iri, da wuri tuli. Ranar komawa Bawa ya ja ni can.

"Ga shi nan banza. Ka cika aljihu, ka ce ma tsohuwa kai ka tsinto. Wa zai hwaɗa mata, kifi?"

Na kusa yarda. Sai iska ta juyo daga bayan rumfar da wani wari, na leƙa na ga rami inda ake binne su da ransu har naman ya ruɓe. Na tuna mai mayafin nan yana hawan bakin hulata. Kuma Kaka ba wuri kawai ta ce ba, ta ce wanda hannuna ya ɗauko. Da na kai mata wannan, ƙarya za ta ɗaura wa jaririn, ni kuma in riƙa ganin ta a hannunsa har yaye. Na ce wa Bawa mu tafi. Ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya je rijiya ya dawo da ƙishirwa don tausayin kwaɗo ba.

Na iso Gangara ana yankan gero. Na kawo wa Inna mayafi, Baba kayan ƙamshi, yara alewa. Kaka ta shimfiɗa zaninta a cinya ta buɗe batta tana jira. Na durƙusa na ce ban kawo ba. Na fara bayani, Yaya Sanusi ya katse ni.

"Boko ke nan. An aike ka tsaraba ka dawo mana da tatsuniya. Ɗana ne zai fara suna hannu wayam, don kai kana jin kunyar dodon koɗi?"

Kaka ta rufe batta ta juya mini baya. Kwana tara ina zuwa gaisuwa tana amsawa da "lafiya" ɗaya tak, ba angona, ba zagi. Rashin zagin ne ya fi ci mini rai. Cikin kwanakin Rabi ta sauka, aka samu mace, Hadiza, wadda kuke ce wa Yaya Hadi. Ana gobe suna da hantsi, mata na daka a tsakar gida, Kaka ta aiko a kira ni, ta ce in zo da littafin ƙaryata.

Idonta ya yi rauni, ta kai zanen har kan hancinta.

"Wanga mai ƙaho shi ne wuri?"

"Shi ne, Kaka."

"Yi mini tafiyarsa."

Na kifa hannuna a tabarma, na fito da yatsu biyu, na ja shi a hankali. Na ɗauki gefen zaninta na nuna mata yadda yake lulluɓa. Ta taɓa hannuna, na janye yatsun da sauri. Ta yi wata 'yar ƙara ta mamaki, ta sake taɓawa. Sau uku tana sa ni. Ta tambaya ko yana da baki, mi yake ci, ko yana haihuwa. Ni da ba na magana, na yi ta zuba har masu daka suka tsaya suna saurare.

"Ashe ɗaki ne," in ji ta. "Shekara da shekaru ina ɗaura ma ɗiya ɗakin wani. Kuma kai ka tarar da mai ɗakin a ciki."

"Na tarar."

"Ka rufe masa ƙofa yadda ka gan ta?"

"Na rufe."

Ta shafa batta. "To ka kyauta masa. Ni fa? Mi zan ɗaura gobe?"

Na jawo jakata, na sa reza na yanke ɗinkin Inna, na sa mata a tafin hannu. Ta shafa ta gane shi nan take, don ita ta fasa bayansa da hannunta. Na ce mata na tsoma shi a tekun. Ta kai bakinta ta lasa, ta yamutsa fuska.

"Gishiri! Kai, wanga ya je gida ya gaida dangi ya dawo." Ta ƙulle shi a bakin zani. "Tashi ka ba ni wuri, mijin banza. An aike ka sabo ka kawo mini kwance."

Da na ji zagin na san an maida aure.

Washegari ta ɗaura wa Hadiza shi da jan zare. Yaya Sanusi bai huce ba. A ganinsa 'yarsa ta fari ta sa kwancen ƙaninsa, kuma sai da aka yaye ta kafin ya koma zama da ni a tabarma ɗaya. Sunan da ya laƙaba mini kuwa ya bi ni har buro, wurin aikina. Ban ce ba shi da gaskiya ba, alkawari na yi ban cika shi yadda na ɗauka ba. Amma tun daga ranar Kaka ta bi ɗaki-ɗaki ta ce kowace uwa ta fiddo wanda ta ɓoye, aka mayar da su batta, kuma ba ta sake ƙarewa ba.

Da aka yaye Hadiza, Rabi ta dawo mini da nawa. Shi aka ɗaura wa kowannenku, ɗaya bayan ɗaya, ku biyar, kuma ɓantaren da ke gefensa aikin haƙoran Nafisa ne. Yana nan cikin aljihun teburina, tare da kayen da ruwa ya ɓata wa shafi uku. Nafisa, an ce watanki ya kama. Ki aiko a karɓa, jan zaren ma na saya. In Baba Sanusi ya tashi ba da labarinsa ranar sunan, ku bar shi ya kai ƙarshe, ku yi masa dariya yadda kuka saba. Sannan wani cikinku ya ɗaga hannun jaririn ya tambaye shi wannan na wane ne.